An Wanke Kwamfutar Akawu

Ranar Alhamis kwamfutar ta mutu, ranar Juma'a kuwa Baba ya fita. Wanda bai san gidan ba zai ce ina haɗin wannan da wancan, amma Auta ta sani. Shi ya sa tun da sassafen Asabar ta naɗe akwatin kwamfutar a tsohon bargo, ta rungume shi kamar mai kai yaro asibiti, ta nufi shagon mai gyara.

Baba dai shekara talatin da huɗu ya yi yana buga takardu a wani ofis. Ya fara da tafireta ya ƙare da kwamfuta, har yau kuma tsofaffin unguwa Akawu suke ce masa. Da ya yi ritaya sai ya sayi irin kwamfutar ofishin nasu sak, ya kafa ta a ƙaramin ɗakin da ke kusa da falo. Daga baya mantuwa ta fara cinsa. Ta fara da makullai da tabarau, ta koma kan sunayen jikoki, ta zo ta lashe shekara goma sha biyar ɗin ƙarshe gaba ɗaya, har da ritayar, har da rasuwar matarsa. Abin da ta bar masa shi ne ƙarfe takwas. Ƙarfe takwas na safe zai sa rigarsa mai aljihu, ya soke biro biyu, ya shiga ƙaramin ɗakin nan, ya yaye ƙyallen da yake rufe kibod da shi. A wajensa ya iso ofis ke nan. Ba ya fitowa sai yamma, lokacin da Auta ta dawo ta tsaya a falo ta ce masa sannu da dawowa.

Shekara uku ana haka lafiya lau. Auta ta tafi aikinta a ɗakin gwajin jini na asibiti, ta bar shi da ƙanwarsa Gwaggo, wadda gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin ƙofa sai da lallami. Ba a taɓa neman mai tsaronsa ba, kwamfutar ce ke tsaronsa.

To ranar Juma'ar ya danna maɓalli ya sake dannawa, fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa nan ba ofis ba ne, ya fita neman na gaskiyar, ginin da aka rushe tun tuni aka mayar wurin ajiye motoci. Gwaggo tana banɗaki. Sai ƙarfe uku na yamma wani mai faci ya tsince shi a tsakiyar shataletale, motoci na kewaya shi, takalminsa ɗaya ya tsinke, leɓɓansa sun bushe, yana tambayar mutane wace bas ce ke zuwa ofis.

Yaya, babban wan Auta da ke wani gari, bai ja magana a waya ba.

"In ya sake fita sau ɗaya, zan zo da mota in ɗauke shi. Ɗakin baya yana nan, akwai ƙarfe a taga, akwai sakata ta waje. Gara ya yi fushi da ni da a kira ni a ce mota ta take shi."

Ba mugu ba ne Yaya, tsoro ne ya cika shi, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Amma Auta ta san ɗakin nan. Ta san kuma Baba, mutumin da ko ƙofar banɗaki ba ya son a ja masa da ƙarfi, ba zai yi wata biyu a bayan sakata ba.

Shagon mai gyara a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, wuri ne da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau a kan hanci, kwamfutoci bakwai a jere bakinsu a buɗe suna jiransa. Ya kwance tata, ya jona wuta, ya kara kunne. Wani ɗan ƙara ke fitowa, ƙyat, ƙyat, ƙyat.

"Kin ji? Rumbunta ne ya mutu, inda take ajiye komai. Ina da wani na hannu, lafiyayye, yanzu zan ɗaura miki. Sai dai fanko ne, sai an ɗora mata babbar manhaja daga farko, wadda ke tafiyar da ita. Akwai abin da kike so a cikin tsohon?"

"Ana iya ciro shi?"

"Ni dai ba zan iya ba. Akwai inda ake kaiwa, mako uku, kuma ba tabbas."

Auta ta tuna fuskar kwamfutar Baba. 'Yan hotunan takardu ne jere reras daga wannan kusurwa zuwa waccan, sun cika ta maƙil, har ba a ganin launin bayan. Kullum buɗe su yake ɗaya bayan ɗaya, ya gyara waƙafi, ya sake buga sakin layi, ya ajiye da sabon suna, takarda ɗaya ta haifi goma. Ta taɓa leƙawa. Tsofaffin wasiƙun neman hutu ne da sanarwar taron da aka yi aka watse shekara ashirin da suka wuce.

"Bar shi kawai," in ji ta. "Tarkace ne."

Ya ce zai ɗora mata sabuwar manhaja, wata mara nauyi da tsohuwar na'ura za ta iya ɗauka. Ta ce a'a, tsohuwar take so, wadda ke kai a da, da launinta da ɗan kiɗan da take yi in an kunna. Ya dube ta ta saman tabarau. Ta gaya masa dalili a taƙaice, don ta gaji da faɗinsa. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur, ya yi ta tona faya-fayai yana hure ƙura.

"Rabona da wannan har na manta. Ki dawo Talata."

"Talata ba ni da ita. Ko gobe ba ni da ita."

Ya dubi kwamfutoci bakwai ɗin nan, ya dube ta. Sai ya yago gefen wani kwali, ya zaro biro ya fara rubutu, na ɗaya, na biyu, har na tara. Ya ba ta faifai biyu, ɗaya na babbar manhajar, ɗaya na manhajar rubutu.

"Ba wuya ne da shi ba, cin rai ne. Ki kula da na biyar. Da farko za ta rubuta a danna kowane maɓalli, ki danna. In ta yi nisa za ta kashe kanta ta kunna, ta sake rubuta haka. To wannan karon ko wa ya ce ki danna, kar ki danna. Kuma ki dawo min da faya-fayaina, irinsu sun yi wuya."

Ƙarfe goma sha ɗaya ta isa gida, hannuwanta kamar za su cire. Ta tarar da Gwaggo ta dasa kujera a ƙofar ƙaramin ɗakin, ta miƙe ƙafa ɗaya ta tokare ƙyaure. Baba na ciki, zaune a gaban tebur da biro biyu a aljihu, yana kallon wayoyin da ke reto.

"Sau shida yana miƙewa," in ji Gwaggo. "Na ce masa 'yan sito ne suka ɗauka gyara. Ya ce zai rubuta musu takardar ƙorafi. Na ce masa to Yaya rubuta, har ni ka sa a ciki, tun safe ko ruwan shayi ban sha ba."

Baba ya dubi Auta da bargonta, ya gyara zama.

"Malama, daga sito aka aiko ki?"

"E, Malam. An gyara, saura in haɗa."

Ta daɗe da daina gardama a kan wannan. A cikin ɗakin nan ita Malama ce, wata ma'aikaciya da ya san fuskarta bai riƙe sunanta ba. A farko takan shiga ɗakinta ta yi kuka. Yanzu ko kukan ba ta da ƙarfinsa.

Ta durƙusa a bayan tebur. Kafin ta cire wayoyin da safe ta manna wa kowace irin 'yar takardar da suke liƙa wa kwalaben jini, ta sa lamba, don haka haɗawar ba ta ba ta wuya ba. Ta kunna. Ta danna, 'yar durowar faifai ta zuro waje tana makyarkyata, ta ɗora faifan, ta tura. Na'urar ta ɗauki gurnani. Rubutu ya fito a ƙasa, ta danna maɓalli kamar yadda kwali ya ce, fuskar ta koma shuɗiya da fararen haruffan Turanci.

Daga nan sai jira. Duk wanda ya ce maka aikin nan aiki ne, bai taɓa yinsa ba. Zama ne kawai, kana kallon abu yana yin abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama, kai kuma ba ka isa ka tashi ba don ba ka san sa'ar da zai tambaye ka wani abu ba. Ta yarda da wata doguwar yarjejeniya da ba ta karanta ba. Aka nuna mata rumbun, aka tambaye ta ko a wanke shi, aka gargaɗe ta cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Ta ce a ranta me ke ciki, ta danna. Wani rawayen layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama.

"Me take yi yanzu?" in ji Gwaggo daga ƙofa.

"Wanki."

"Wankin me? Ba kin ce sabon ciki aka sa mata ba?"

"Haka take yi, Gwaggo."

"To Allah ya ba ta lafiya. Ni ma da ana sayar da gwiwa ta hannu da kin sayo min biyu."

Wanki ya ƙare, kwafa ta fara, daga faifai zuwa rumbu, kashi ɗaya, kashi biyu. A kashi sittin da ɗaya ta tsaya cak, ta ce akwai abin da ta kasa karantawa. Auta ta duba kwali, sai ga shi mai gyara ya rubuta a gefe da ƙananan haruffa: in ta tsaya, a goge faifan daga tsakiya zuwa baki, ban da kewayawa. Ta fito da shi ta ɗaga a hasken taga, ga shatin yatsa nan ɓaro-ɓaro. Ta goge da gefen ɗankwalinta, ta mayar, ta ce a sake gwadawa. Sittin da biyu. Ta sauke numfashi.

A nan ne Gwaggo ta tuna da maganin Baba na rana. Auta ta dubi layin, yana kashi tamanin da wani abu, yana tafiyarsa ta mai ciwon ƙafa. Ta ce ai kafin ya kai ta dawo. Ta shiga kicin, ta ɓallo ƙwayoyi, ta tarar babu ruwa a tulun roba, ta tsaya ta tace wani. Minti huɗu, ko biyar.

Da ta dawo fuskar tana nan shuɗiya, tana tambayarta abin da ta riga ta amsa. Kanta ya ɗaure. Ta ɗauka wani mataki ne mai kama da na baya, ta bi kwali, ta yarda da yarjejeniya, ta zaɓi rumbu, ta danna. Sai da rawayen layin wanki ya fara rarrafe daga farko sannan ta gane. Ta wanke duk abin da ta yi awa guda tana ɗorawa.

"Malam, ka taɓa wani abu?"

"An rubuta a danna, na danna," in ji Baba, cikin natsuwa. "Ni ba na ganin umarni a rubuce in tsallake."

Ta so ta yi masa faɗa. Ta fasa, ta miƙa masa ƙwayoyin da kofi. Ba laifinsa ba ne, ba laifin kowa ba ne, abin da ya fi gajiyar da ita ke nan a gidan nan, babu wanda za ta yi wa faɗa. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, tana jin bayanta yana sara.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Yana ciki?"

"Yana ciki."

"An gyara abin?"

"Ana kai."

"Auta, ba don in ɓata miki rai nake yi ba. Kin rame. Mijinki yana hanya wata da watanni, ke kaɗai ce, ga aiki. Har yaushe za ki iya?"

"Ana kai, Yaya," ta sake cewa.

Karo na biyu ko motsi ba ta yi ba. Da layin ya kusa ƙarshe ta jawo kujerar roba ta zauna dab da Baba. Na'urar ta kashe kanta, ta kunna, rubutun nan ya fito, da 'yan ɗigo-ɗigo suna ƙaruwa a bayansa. Ta ga yatsansa ya ɗaga. Ta kama hannuwansa biyu ta riƙe gam a cikin nata. Hannuwan sun yi sanyi, ba nauyi, fatar ta yi laushi kamar tsohuwar takarda. Rabonta da ta riƙe su haka ta manta. Ɗigo na uku, na huɗu, na biyar. Rubutun ya wuce.

Baba ya dubi hannuwan, ya dube ta, ya yi gyaran murya.

"Malama, ina da iyali fa."

Gwaggo ta fashe da dariya har tana dafe gwiwa, tana ce wa wan nata kai Yaya, kai Yaya. Auta ma ta yi dariyar, ta sake shi, ta kau da kai ta goge ido da bayan hannu.

Yanzu fuskar ta sauya, ta zama mai launi, ta rubuta cewa saura minti talatin da tara. Auta ta dubi agogon bango. Bayan minti goma ta sake duba fuskar, saura minti talatin da tara. Ita da ke aikin gwaji, inda in ka ce minti goma to minti goma ne, abin ya ba ta haushi ƙwarai. Ta ƙura wa lambar ido har ta fara ganinta biyu-biyu. Can ta sauka zuwa talatin da huɗu, ta yi tsalle zuwa sha tara, ta sake kafewa. Fankar sama na juyawa. Gwaggo ta fara gyangyaɗi, ƙafarta har yanzu a tokare da ƙyaure.

Sai aka nemi lambar shaida, haruffa da lambobi ashirin da biyar, a gida biyar. Kwali ya ce suna jikin wata 'yar takarda da ke manne a gefen akwatin. Gefen kuwa shi ne wanda ke fuskantar bango, kuma wayoyin gajeru ne, ba damar juyawa. Auta ta kwanta a ƙasa ta tura kai ƙarƙashin tebur, ta haska da fitilar waya. Takardar ta koɗe, ƙura ta shiga mata hanci.

"Malam, in na karanta za ka buga?"

"Aikina ne."

Ta fara karantowa, biyar-biyar. Daga inda take kwance tana jin ƙarar kibod a samanta, ras, ras, ras, ba jinkiri ba komawa baya. Mutumin da ba zai iya gaya maka abin da ya ci da safe ba, yatsunsa goma ba su manta gidan ko harafi ɗaya ba. Ta fito tana karkaɗe ƙura, ta duba. Daidai. An karɓa tun karon farko.

"Sauri ba shi ne gwaninta ba," in ji shi. "Kar a dawo maka da takarda, shi ne."

Ta saita kwanan wata da agogo. Ta sa suna. Na'urar ta sake kashe kanta, Auta ta riƙe masa hannu. Ta ciro faifan. Sai ɗan kiɗan nan ya tashi daga ƙananan lasifikoki, na daƙiƙa huɗu ko biyar, wanda gidan ya saba ji kowace safiya. Baba ya ɗaga kai kamar an kira sunansa. Gwaggo ma ta farka.

Saura faifai na biyu, shi bai wahalar ba. Ta ɗora manhajar rubutu, ta ƙara girman haruffa yadda yake so, ta mayar da launin baya zuwa koren da ta tuna yana leƙowa ta tsakanin takardunsa. Ta jiƙa tsumma ta goge tebur, ta goge gilashin, ta nannaɗe wayoyi. Ƙarfe uku saura kwata. Duk gaɓoɓinta ciwo suke, cikinta ba komai tun shayin safe, amma ta yi. Da hannunta ta yi. Ta ja da baya tana kallo, kore shar, fes, sai 'yan hotuna uku a kusurwar hagu.

"Malam, bismilla. Ta dawo."

Ya matso da kujera, ya gyara tabarau, ya ɗora hannu a kan maus. Ya kai kibiyar sama, ya kawo ta ƙasa, ya zagaya da ita tsakiyar koren nan inda babu komai. Ya daɗe a haka. Auta ta fara shirya ƙaryar da za ta yi in ya tambayi takardunsa, za ta ce suna sito, za a kawo.

Bai tambaya ba. Sakin maus ɗin ya yi, ya jingina da bayan kujera, ya ɗora hannuwa a cinya.

"Sun kwashe," in ji shi a hankali.

"Malam?"

"Aikin. Sun zo sun kwashe. An gama ke nan." Ya yi wata 'yar dariya. "Kin san shekara nawa ina binsa? In buga ɗaya, in ɗaga kai in ga goma. Na ɗauka ba zan ga ƙarshensa ba."

Fuskarsa ta saki. Wannan tamkewar da ke tsakanin girarsa, wadda Auta ta ɗauka tsufa ne ya kawo ta, ta warware. Sai yanzu ta ga gajiyar da ke jikinsa, da ta sauka. Shekara uku tana murna ta samar masa abin da ke ɗebe masa kewa, ashe shi bauta yake, yana ɗaure da tarin takardun da ba sa ƙarewa. Ba kwamfutar ke riƙe shi a ɗakin ba. Tarkacen ne, waɗanda ta ce wa mai gyara ya bari.

Baba ya ɗauko ƙyallensa ya rufe kibod, ya daidaita gefunan. Ya miƙe, ya taɓa aljihu ya ji birukansa.

"Tunda tebur ya yi fes, bari in tafi gida da wuri. Ban taɓa komawa da rana tsaka haka ba, uwar yara za ta sha mamaki."

Ya dubi ƙafar Gwaggo, ya ce a gafarce shi, ya tsallake ta kamar saurayi. Gwaggo ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Auta ta bi shi falo da sauri ta sha gabansa.

"Baba, sannu da dawowa. Ga gida nan, ka iso."

Ya dube ta da fara'a, irin ta wanda aka yi wa wasa. Tun safe ita Malama ce, da ƙurar ƙarƙashin tebur a kafaɗarta, rana kuma tana sama. Bai yarda gida ne ba.

"Malama ke nan. Sai Litinin."

Ya kewaye ta. Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Hannunsa ya kai kan mariƙin ƙofa. A waje ana jin ƙarar manyan motoci a kan titi.

Jakar aikinta na kan kujerar falo. Ta zuge ta, ta zaro abin da ya fara zuwa, littafin bayanin sabuwar na'urar gwajin da aka kawo musu, shafi arba'in da takwas, rubutu ƙanana. Ta tsaya da shi a hannu. Ta san abin da za ta yi, ta san kuma hutun da za ta ƙwace masa, minti biyar kacal da samunsa. Ta ji ta tsani kanta. Ta gyara murya, ta mayar da ita ta ofis.

"Malam Akawu."

Ya juyo.

"Yanzu aka aiko da wannan daga sama. Wai a sake bugawa, ana so da gaggawa."

Ya dubi littafin. Waƙar ta tsaya. Ta ga tamkewar nan tana dawowa tsakanin girarsa, kafaɗunsa suna sauka. Bai yi gardama ba, da ma bai taɓa yi ba. Ya saki mariƙin ƙofa, ya cire takalman ya jera su, ya karɓi littafin da hannu biyu, ya auna kaurinsa da babban yatsa.

"Kwafi nawa?"

"Uku," in ji ta.

Ya gyaɗa kai. Ya koma, ya ratsa ta gefen Gwaggo da ta janye ƙafarta. Ya ja kujera, ya yaye ƙyallen, ya buɗe shafin farko ya danne shi da kofin ruwa. Ƙarar kibod ta tashi, ras, ras, ras. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta jingina kai da ƙyaure.

"Malama," in ji shi, bai ɗago ba.

"Na'am, Malam."

"In kin fita, don Allah ki aika gidana. Akwai 'yar autata, takan zauna a bakin ƙofa tana jirana. A ce mata ta shiga ciki, yau ma zan makara."

"Zan gaya mata," in ji Auta.